Daga Baltimo Zuwa Washinton a Sawun Jan Bargo

Tsakanin birnin Baltimo na jihar Meriland da Washinton, babban birnin Amurka, akwai tazarar kilomita kusan 65, wadda jirgin ƙasa ke cinyewa cikin sa'a guda, kuma ta wannan gajeriyar hanya ce aka ɗauki ɗaya daga cikin manyan ayyukan ɗinkin haɗin gwiwa na wannan ƙarni daga inda aka harhaɗa shi zuwa inda aka shimfiɗa shi gaba ɗaya. Aikin shi ne wanda aka raɗa wa suna Monument Quilt, wato Bargon Tunawa, tarin jajayen ƙyallaye kimanin 3,000 waɗanda mutanen da aka yi wa fyaɗe, ko aka ci zarafinsu a gidajen aure, ko aka lalata su tun suna yara, suka rubuta labarinsu a kai tare da masu tausaya musu, daga shekarar 2013 zuwa 2019. Matafiyin da ya bi wannan hanya a ƙarshen watan Mayu na 2019 ya bi ta ne a lokacin da ake kwashe ɗaurin bargon daga ma'ajiyarsa domin shimfiɗawa ta ƙarshe, kuma abin da ke tafe bayani ne na wuraren da hanyar ta ratsa da dalilin da ya sa aka zaɓi allura da zare domin faɗin abin da baki ya daɗe yana jin nauyin furtawa.

Kafin a shiga gari, ya kamata a san irin bargon da ake magana a kai, domin ya bambanta da gwado ko bargon ulu da ake saƙawa a dunƙule. Wannan bargo ne mai hawa uku, wato fuskar sama da ake haɗawa daga guntayen yadi masu launi dabam-dabam, da auduga a tsakiya domin ɗumi, da shafi a ƙasa, sannan a bi duka ukun da ɗinki har su zama abu guda. Matan karkarar Amurka sun daɗe suna yin sa daga tsofaffin riguna da buhunan gari, kuma saboda aikin yana da cin lokaci, sukan taru a gidan ɗaya daga cikinsu su kewaye katakon da aka ɗaure bargon a kai, kowace tana ɗinke gefenta, ana hira ana jajanta wa juna. Baƙaƙen matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayin da suka noma auduga a wurin, sun kai wannan sana'a matsayin da a 2002 aka rataye bargunansu a manyan gidajen nunin zane na Hustan da Niyok. Shi kansa Baltimo yana da nasa salon da ya yi tashe a shekarun 1840 da 1850, inda mata da yawa kan ɗinka murabba'i ɗai-ɗai, sau da yawa kowace ta sa sunanta a nata, a haɗa su a ba wani limamin coci ko amarya kyauta. Ke nan tun asali bargon abu ne da hannu da yawa ke yi, kuma yana iya ɗaukar suna da saƙo.

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Penn a Baltimo ya gangara kudu ta titin Charles, ba zai yi nisa ba zai iske unguwar Mount Vernon, inda wata doguwar hasumiyar farin dutse ke tsaye da gunkin George Washington a samanta. An soma gina ta a 1815 aka gama a 1829, kuma saboda ita da ire-irenta ne shugaba John Quincy Adams ya kira Baltimo birnin gine-ginen tunawa a 1827, laƙabin da ya bi garin har yau. Kusan duk abin da aka kafa a dandalolin birnin na yaƙi ne da shugabanni, kuma jama'ar garin sun san cewa irin waɗannan gumaka magana suke yi, domin a cikin dare ɗaya na watan Agusta 2017 hukumar birnin ta tumɓuke guda huɗu masu alaƙa da ɓangaren da ya kare bauta a zamanin yaƙin basasa. Can kusa da bakin ruwa, a titin Pratt, akwai wani ɗan ƙaramin gidan bulo inda Mary Pickersgill ta ɗinka katafariyar tutar da aka kafa a sansanin McHenry, wadda ta zama sanadin taken ƙasar Amurka. A 1813 ta yi aikin, tare da 'yarta da 'yan'uwanta mata da wata baƙar yarinya mai koyon sana'a a hannunta, Grace Wisher, wadda tarihi ya daɗe bai ambaci sunanta ba. Tutar tana ajiye yanzu a gidan tarihin Amurka na Smithsonian a Washinton, gab da filin da aka shimfiɗa Bargon Tunawa, don haka ba wannan ne karo na farko da ɗinkin matan Baltimo ya yi wannan tafiya ba.

Akwai kuma wani tarihin garin wanda ba a sassaƙa shi a dutse ba. A 2010 jaridar Baltimore Sun ta binciki yadda 'yan sandan birnin ke karɓar ƙarar fyaɗe, ta gano cewa fiye da kashi 30 cikin 100 na ƙararrakin da aka bincika ana rufe su ne da hujjar cewa ba su da tushe, adadin da ya zarce na kowane babban birni a ƙasar. Bayan mutuwar Freddie Gray a hannun 'yan sanda a 2015, Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ta yi nata binciken, kuma rahoton da ta fitar a watan Agusta 2016 ya nuna damuwa ƙwarai kan yadda masu bincike ke yi wa matan da suka kawo ƙara tambayoyi masu ɗora musu laifi, da yadda ake sakaci da shaidun da aka ɗauka a asibiti. A wannan gari, a shekarar 2010, wasu mata biyu masu fasahar zane da suka yi karatu a kwalejin zane ta Meriland, Hannah Brancato da Rebecca Nagle, suka kafa ƙungiyar FORCE domin yaƙar abin da masana ke kira al'adar fyaɗe. Ma'anar wannan kalma ita ce yanayin da al'umma ke ɗaukar cin zarafin mata abin da ba makawa, ta riƙa tambayar wadda aka zalunta abin da ta sa da inda ta je da dalilin fitarta, ta bar azzalumi yana yawo da mutuncinsa.

Tunanin da ya haifi bargon yana da tushe a aikin wata likitar ƙwaƙwalwa ta jami'ar Harvard, Judith Herman, wadda a littafinta na 1992 mai suna Trauma and Recovery ta kwatanta halin sojojin da suka dawo daga yaƙi da na matan da aka yi wa fyaɗe, ta nuna cewa raunin zuciyar iri ɗaya ne, da firgita cikin barci da ɗimuwa da ƙauracewa mutane. Ta bayyana cewa warkewa tana bin matakai uku, wato samun aminci, sai tunawa da makokin abin da aka rasa, sai komawa cikin jama'a, kuma ta lura cewa al'umma tana gina wa sojoji wuraren tunawa inda ake girmama wahalarsu a bainar jama'a, alhali waɗanda aka yi wa fyaɗe ba su da irin wannan wuri ko ɗaya. Mataki na ukun nan ba ya yiwuwa a ɗakin likita kaɗai, domin mutum ba ya komawa cikin jama'ar da ba ta yarda an cuce shi ba. A watan Fabrairu 2013 'yan FORCE suka jera manyan jajayen haruffa a kan ruwan tafkin da ke gaban ginin tunawa da Lincoln a Washinton, ɗauke da kalaman wata da aka yi wa fyaɗe, suna neman a kafa wurin tunawa na ƙasa, kuma a cikin wannan shekara suka soma karɓar ƙyallaye.

Tsarin aikin mai sauƙi ne, kuma a cikin sauƙin nasa ne hikimarsa take. Kowane murabba'i yana da tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 4, wato mita ɗaya da 'yan kai ta kowane gefe, kuma ja ne launin da ya rinjaya, amma abin da za a sa a kai an bar wa mai shi. Wasu sun yi rubutu da fenti ko alƙalami, wasu sun yi surfani da zare, wasu sun liƙa guntun tufafi, wasu kuma ba su iya rubuta komai game da kansu ba sai kalmar ƙarfafa zuciya ga wani. Ana haɗa murabba'ai huɗu su zama fage ɗaya mai ƙafa 8, wanda masu aikin sa kai ke bi da keken ɗinki a sa masa shafi domin ya jure shimfiɗa a ƙasa. A lokacin aikin, mutum yana iya ɗinka nasa a ɗakinsa ya aiko ta gidan waya, yana kuma iya zuwa zaman ɗinki da ake shiryawa a jami'o'i da gidajen fakewar mata da cibiyoyin unguwa da yankunan 'yan asalin ƙasa. Ba a tilasta wa kowa sa suna, ba a neman shaida, ba a yi wa mutum tambayar ƙwaƙwaf, kuma wannan shi ne babban bambancinsa da ofishin 'yan sanda ko zauren kotu, inda labarin mace ke fita daga hannunta da zarar ta buɗe baki, lauyoyi su yi ta jujjuya shi suna neman inda ya yage.

A nan ya dace a tsaya a yi nazari, domin wanda ya ga bargon a shimfiɗe kawai yana iya zaton cewa nunin ne aikin, alhali rabin amfaninsa ya riga ya samu tun a teburin ɗinki. Mutumin da aka keta wa haddi yakan ji jikinsa ya zama ba nasa ba, kuma sau da yawa harshe kan ƙi motsi idan aka ce ya faɗi abin da ya faru daga farko zuwa ƙarshe. Ɗinki yana ba hannu abin yi, yana ba ido wurin sauka wanda ba fuskar mai sauraro ba, yana tafiya sannu a hankali yadda mai yi zai iya ajiyewa ya fita ya sha iska ya dawo, kuma kowane zaɓi, daga launin zare zuwa kalmar da za a rubuta da wadda za a bari, na mai ɗinkin ne. Ga wanda aka ƙwace wa ikon cewa a'a, wannan ƙaramin iko ba ƙaramin abu ba ne. Sannan zama kusa da wata mai irin wannan ciwo, ba tare da dole sai an yi magana ba, yana karya kaɗaicin da azzalumai ke dogara da shi, tunda galibin masu wannan ta'asa ba baƙi ba ne, miji ne ko saurayi ko ɗan'uwa ko malami ko maigidan aiki, kuma shirun wadda suka cuta shi ne garkuwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i, mafi yawa daga hannun abokin zama. Adadi irin wannan yana wuce tunanin mai karatu, amma rubutun hannun mutum ɗaya a kan ƙyalle, da karkacewarsa da inda fenti ya ɗiga, ba ya barin mai kallo ya wuce haka nan.

Bargon bai jira ya kammala ba kafin ya soma yawo. An shimfiɗa sassansa sau da dama a birane fiye da 30 na Amurka da Meksiko, a filayen ƙwallo da harabar jami'o'i da dandalolin gari, kuma wasu daga cikin waɗannan shimfiɗu an yi su ne da gangan a ƙofar shari'a. A watan Janairu 2015 an kai shi Jacksonville ta jihar Filorida saboda Marissa Alexander, baƙar mace wadda a 2010, kwanaki kaɗan bayan ta haihu, ta harba bindiga sau ɗaya, harbin da ta ce na gargaɗi ne ga mijinta mai dukanta. Ba wanda harsashin ya taɓa, amma a 2012 aka yanke mata shekara 20 a kurkuku a ƙarƙashin dokar jihar mai ƙayyade mafi ƙarancin hukunci. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, aka yi sulhu, ta fito a wancan watan ta ci gaba da zaman ɗaurin talala a gida na shekara biyu.

Shimfiɗar da ta fi nauyi ta fuskar doka ita ce ta watan Disamba 2015, kuma tana da alaƙa da asalin Rebecca Nagle, wadda 'yar al'ummar Cherokee ce. Ƙabilun asalin Amurka suna da gwamnatocinsu da kotunansu a yankunan da aka keɓe musu, amma a 1978, a shari'ar Oliphant, Kotun Ƙoli ta yanke cewa waɗannan kotuna ba su da hurumin hukunta wanda ba ɗan ƙabila ba a kan laifi, ko da a ƙasarsu ya aikata shi. Sakamakon haka baƙo yana iya cin zarafin mace a can ya fita, sai dai a jira lauyoyin gwamnatin tarayya ko na jiha, waɗanda sau da yawa ba sa ɗaukar ƙarar. Wani binciken Cibiyar Shari'a ta Ƙasa da aka buga a 2016 ya nuna cewa fiye da huɗu cikin biyar na matan asalin ƙasar sun taɓa fuskantar cin zarafi, fiye da rabinsu kuma cin zarafin jima'i. Gyaran da aka yi wa Dokar Hana Cin Zarafin Mata a 2013 ya mayar wa kotunan ƙabilu ɗan hurumi a kan dukan abokan zama, aka faɗaɗa shi a 2022. A ranar 7 ga Disamba 2015 Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar kamfanin shaguna na Dollar General, wanda ke jayayya cewa kotun ƙabilar Choctaw ta Misisipi ba ta da ikon sauraron ƙarar diyya da iyayen wani yaro ɗan shekara 13 suka shigar, bisa zargin manajan shagon ya ci zarafinsa. Matan ƙabilu daga sassa da dama suka zo Washinton da ƙyallayen da suka ɗinka, suka kewaya da su gaban kotun, aka shimfiɗa su a ciyawar majalisa. A watan Yuni 2016 alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, abin da ya bar hukuncin ƙaramar kotu mai goyon bayan ƙabilar yana nan daram. Ba wanda zai ce bargo ne ya yanke shari'ar, amma ya sa waɗanda abin ya shafa sun tsaya a wurin da ake tattauna makomarsu. Lamarin yaron kuma yana tunatar da cewa daga cikin masu ƙyallayen akwai maza da yara maza, waɗanda kunya ke rufe wa baki fiye da kowa.

Jirgin da ya taso daga Baltimo yana tsayawa a tashar Union ta Washinton, kuma daga ƙofarta ana hango ƙubbar majalisar dokoki. Daga majalisar zuwa ginin Lincoln akwai wani dogon fili mai ciyawa na kimanin kilomita 3 da ake kira National Mall, gidajen tarihi na Smithsonian suna jere a gefunansa biyu, hasumiyar Washington mai tsayin mita 169 tana tsakiyarsa, a yammacinsa kuma akwai wuraren tunawa da yaƙin duniya na biyu da na Koriya da baƙar katangar da Maya Lin ta tsara, wadda aka buɗe a 1982, mai ɗauke da sunayen Amurkawa fiye da 58,000 da suka mutu ko suka ɓace a yaƙin Biyetnam. Duk wanda ke son ƙasar ta saurare shi nan yake zuwa, kamar yadda Martin Luther King ya yi a 1963.

A wannan fili ne aka shimfiɗa magabacin Bargon Tunawa, wato bargon waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, wanda Cleve Jones ya ƙirƙiro a San Faransisko a lokacin da gwamnati ta yi biris da annobar, iyalai da yawa kuma suke ɓoye sanadin mutuwar 'ya'yansu. A ranar 11 ga Oktoba 1987 aka buɗe shi da fage 1,920, kowane ɗaya ƙafa 3 a kan ƙafa 6, gwargwadon faɗin kabari, kuma yau ya kai kusan fage 50,000. Masu FORCE ba su ɓoye cewa daga nan suka ɗauki darasi ba, sai dai akwai bambanci mai muhimmanci a tsakani. Na ƙanjamau masu rai ne suka ɗinka wa matattu, suka rubuta sunayensu domin kada a manta da su. Na Baltimo masu rai ne suka ɗinka wa kansu, da yawansu ba suna, kuma mai ƙyallen yana iya kasancewa a tsaye kusa da mai karanta shi ba tare da an sani ba.

Daga 31 ga Mayu zuwa 2 ga Yuni 2019 aka shimfiɗa bargon gaba ɗaya, karo na farko kuma na ƙarshe, cikin zafi da gumin farkon bazarar Washinton. An jera fagagen ne yadda mai kallo daga sama zai karanta saƙo da Ingilishi da Sifaniyanci mai cewa wanda aka zalunta ba shi kaɗai ba ne, amma mai tafiya a ƙasa ba ya ganin haruffan, sai jan yadi da ya malale ciyawa da hanyoyin da aka bari a tsakani. Dole mai karatu ya sunkuyar da kai, wani lokaci ya durƙusa, kuma hakan yana rage saurin tafiya da ƙarar murya ba tare da wani ya ba da umarni ba. An kafa rumfuna inda ake jawabai da waƙe-waƙe da inda wanda abin ya motsa masa tsohon ciwo zai zauna ya samu mai saurarensa. Da yawa daga cikin masu wucewa 'yan yawon buɗe ido ne da suka fito ganin gidajen tarihi, ba su san da taron ba, kuma su ne ainihin waɗanda aka yi nunin dominsu. A lokacin kiran MeToo na fallasa cin zarafin jima'i, wanda Tarana Burke ta soma a 2006 ya kuma bazu a duniya a watan Oktoba 2017, ya riga ya sauya yadda ake maganar, amma an soma ɗinka waɗannan ƙyallaye shekara huɗu kafin wannan bazuwa, lokacin da faɗin irin wannan magana a fili ke da tsada ƙwarai.

Adalci ne a faɗi iyakar aikin. Ƙyalle ba ya kama mai laifi, ba ya biyan kuɗin hayar matar da ta gudo da 'ya'yanta cikin dare, ba ya gwada shaidun asibiti da suka yi shekaru a ma'ajiyar 'yan sanda, kuma akwai haɗarin hukumomi su yaba wa irin wannan nuni domin ya fi gyaran doka arha. Akwai kuma waɗanda ba su iya ɗinka komai ba, ko don suna zaune har yanzu da mai cutar da su, ko don ba su rayu ba. Duk da haka, wanda ya auna aikin da ma'aunin kotu kaɗai ya yi masa rashin adalci, domin abin da ya sa gaba shi ne ɗauke kunya daga kan wanda aka cuta a mayar da ita inda ta dace, kuma ba a samun shaidar da za ta tsaya gaban alƙali sai an fara samun jama'ar da za ta gaskata ta. Ta wannan fuska yadi ya fi dutse dacewa da wannan buƙata, tunda dutse mai sassaƙa ɗaya ne ke magana da yawun kowa, shi kuwa bargo mutum 3,000 ne kowa ya faɗi nasa da hannunsa.

Bayan kwana uku aka naɗe fagagen, aka mayar da su Baltimo, masu aikin suka shiga raba su ga gidajen tarihi da ɗakunan karatu da makarantu da cibiyoyin al'umma domin ajiya ta dindindin. Don haka mai ziyarar da ya je National Mall yau ba zai tarar da alamar bargon a ciyawar ba, kuma har yanzu babu wani gini a filin da aka keɓe wa waɗanda aka yi wa fyaɗe. Wanda ke neman irin wannan wuri sai ya nufi arewa zuwa Minneapolis ta jihar Minnesota, inda a watan Oktoba 2020 aka buɗe wurin tunawa na dindindin na farko a ƙasar domin waɗanda suka tsira daga cin zarafin jima'i, a lambun Boom Island da ke bakin kogin Misisipi, bisa jagorancin Sarah Super, wadda ita ma ta tsira daga fyaɗe.